Abin da ke cikin hanji ba na mai hanji kaɗai ba ne

Ƙudan tsando ba ya cin komai sai jini, jini kuwa abinci ne mai giɓi, bai wadata da wasu bitamin da jikin ƙudan ke buƙata ba. Mai cike masa giɓin wata bakteriya ce da masana suka sa wa suna Wigglesworthia, tana zaune a jikin hanjinsa. Idan aka ba macen tsando maganin da ya kashe bakteriyar, sai haihuwa ta tsaya mata. Tsando ba ƙwai take sakawa ba, tsutsa ɗaya take reno a cikinta tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, ta cikin ruwan nan kuma take miƙa wa ɗiyarta bakteriyar. A Unguwar Rimi nan Kaduna akwai cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, kuma wannan ƙuda shi ne abokin aikinta na kullum. To, tsando guda da aka kama a tarko, halitta ɗaya aka kama ko biyu?

Tambayar ba ta tsaya kan ƙuda ba. Saniyar da ke kiwo a Ladduga ba ta da sinadarin narka ciyawa a jikinta. Ƙananan halittun da suka cika tumbinta ne ke ruɓar da ciyawar, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar. Manomin Soba ko Giwa da ke tsarma wake a cikin dawa ya daɗe da sanin cewa wake na gyara ƙasa. Masu gyaran su ne bakteriyar da ke cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar waken, suna jawo naitirojin daga iska su mai da shi taki.

Mutum ma haka. A 2016 wasu masana a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun sake lissafi, suka ce namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa na kansa kuwa kimanin tiriliyan 30. Galibinsu a babban hanji suke, kuma duk yawan nan nauyinsu bai fi giram 200 ba. Kafin nan an yi shekaru ana yaɗa cewa sun ninka ƙwayoyin jikinmu sau goma, har yau ma akwai masu maimaitawa. Taron waɗannan halittu da ƙwayoyin gadonsu shi masana ke kira maikurobayom. Binciken ya kankama ne bayan da karanta ƙwayoyin gado ya yi araha, musamman daga 2007 da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta buɗe babban shiri a kansa. Da can sai abin da ya yarda ya tsiro a faranti a ɗakin gwaji ake iya nazari, mafi yawan mazauna hanji kuwa iskar da muke shaƙa kashe su take yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da aka gano shi ne na nonon uwa. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikinsa masu yawa waɗanda jariri ba ya iya narkawa ko kaɗan. An daɗe ana mamakin amfaninsu. Ashe ba don shi aka zuba su ba, abincin wata bakteriya ce, Bifidobacterium, wadda idan ta ƙoshi take mamaye hanjin jaririn ta hana miyagu samun wurin zama. Uwa baki biyu take ciyarwa a lokaci guda. Dakashi, ruwan nonon farko da har yanzu ake matsewa a zubar a wasu gidaje wai ba shi da kyau, ya fi kowane nono yawan wannan sukari. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Ra'ayina shi ne wannan ilimi ya shigo mana ta ƙofar baya. Ya shigo ta hannun masu talla a waya da masu kirarin "kakanninmu sun fi mu", alhali ainihin abin da yake faɗa ya fi shafar mai kemis da hukumar ruwa da mai tsara kasafin kuɗi. Halittun da ke cikin hanjin yaron Rigasa ba shi ya zaɓe su ba, ba uwarsa ba ce ma. Ruwan da unguwar ke sha ne ya zaɓa, da farashin wake a kasuwa, da abin da aka ɗura masa a makon haihuwarsa.

Kafin a ce na zo yabon ƙazanta, a ba tsohon tunani haƙƙinsa. Tun da Louis Pasteur da Robert Koch suka nuna cewa ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke haddasa cututtuka, Koch ya gano ta tarin fuka a 1882, Alexander Fleming ya ci karo da fenisilin a 1928, likitanci ya ɗauki salon yaƙi: gano abokin gaba, kashe shi. Salon nan ya ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Wanda ya ga abin da sanƙarau ko kwalara ke yi wa gari ba zai raina shi ba. Matsalar ita ce mun riƙe rabin darasin muka mai da shi addini.

Tsaya a kowane kemis na Tudun Wada ko Kawo da magariba ka saurara. "Malam, a ba ni Flagyl, cikin yaron nan ya ɓaci." Amsar ba ta wuce, "Na nawa za a ba ki, Hajiya?" Kuɗin hannu ne ke yanke yawan ƙwayar, ba likita ba. Za a sha na kwana biyu, zawo ya tsaya, a ajiye saura don gaba. Alhali yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wadda maganin bakteriya ba ya taɓawa, kuma abin da ke ceton yaron shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Flagyl kuwa gwaninta shi ne kashe bakteriyar da ba ta son iska, wato ainihin 'yan gida. Kamar mai farautar gafiya ne da ya cinna wa daji wuta: wataƙila ya sami gafiyar, amma dajin da zai tsiro bayan gobara ba lalle ya zama irin na da ba. Ga kuma "maleriya da taifot", tagwayen da kusan duk mai zazzaɓi ke fitowa da su daga ɗakin gwaji, saboda gwajin Widal da likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne. Ga ɗigon Ampiclox da ake ba jariri sabon haihuwa lafiyarsa ƙalau, wai don share masa ciki, a daidai makonnin da hanjinsa ke karɓar mazaunansa na farko.

A 2018 masu bincike a Kwafanhagan ta ƙasar Denmak sun ba lafiyayyun maza 12 haɗin magunguna uku masu ƙarfi na kwana huɗu, suka bi diddiginsu. Yawancin halittun hanjinsu sun farfaɗo cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata shida akwai nau'o'i tara da a da kowa ke da su waɗanda ba a sake gani ba a cikin galibinsu. Sau ɗaya ke nan, kuma ga ƙarti masu ƙoshi. Yaron da ke shan irin wannan duk bayan 'yan watanni, ga tamowa, lissafinsa daban ne. Waɗanda suka tsira daga maganin kuma su ne masu taurin kai. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba a duniya. A gonakin kaji da suka kewaye garin nan ma ana zuba irin magungunan a ruwan sha tun tsaki na ɗan kwana ɗaya, kashin kajin kuma ya koma taki a lambun bakin kogi.

Da maganar ta tsaya nan da ta yi sauƙi, a ce a kulle maganin kawai. Amma a 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa ba duk yaran ƙauye 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitromaisin sau biyu a shekara, ko suna ciwo ko ba sa yi. Mace-macen yara ya ragu da kashi 13.5 cikin ɗari gaba ɗaya, a Nijar kuwa da kashi 18. Da aka duba hanjin yaran na Nijar daga baya, an tarar alamun jure wa irin wannan magani sun ƙaru. Gaba kura, baya sayaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 ana iya duba yiwuwar yin hakan ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a wuraren da yara ke mutuwa da yawa. Ni ba zan iya kallon uwar da ta binne 'ya'ya biyu in ce mata ta haƙura da maganin don kare halittun hanji ba. Sai dai a lura da abin da sakamakon ke tonawa: maganin na aiki ne saboda yaran suna iyo cikin cuta dare da rana. Ƙwaya ce ake ba su a madadin famfo da masai.

Nan ne binciken ya fi yi mana magana. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ɗin nan ya ce kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Mun saba ɗaukar tamowa a matsayin rashin abinci tsagwaronsa. Jeffrey Gordon na jami'ar Washington da ke St. Louis da abokan aikinsa sun bi tagwaye 317, wato yara 634, a Malawi, suka tarar sau da yawa ɗaya na kamuwa da tamowa mai kumburi ɗayan kuma lafiya lau, ga uwa ɗaya, ga tukunya ɗaya. Suka ɗebi bayan gidan yaran suka sa a cikin ɓerayen da aka rena babu ko bakteriya ɗaya a jikinsu, suka ciyar da su irin abincin ƙauyen. Ɓerayen da suka karɓi na mai tamowa suka rame. A 2013 aka buga wannan. Daga nan suka haɗa kai da masana a Bangaladash suka tsara wani abinci da gyaɗa da waken suya da ɗanyar ayaba da wani wake na can, ba don ya fi ƙarfi ba, sai don ya ciyar da halittun da suka yi ƙaranci a hanjin yaran. A gwajin da aka buga a 2021, yaran da suka ci shi sun fi saurin ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin tamowa na yau da kullum, duk da na yau da kullum ɗin ya fi shi yawan kuzari. Gyaɗa da waken suya dai ba baƙi ba ne a jihar Kaduna.

Akwai kuma wani lahani da ake gani a hanjin yaran da ke rayuwa cikin ƙazantar ruwa da ƙasa: bangon hanjin na kumbura a hankali, ya rage tsotsar abinci, ko da yaron ba ya zawo. Masana na danganta shi da tsumburewa, suna kuma zargin yana cikin dalilan da suka sa rigakafin da ake ɗigawa a baki bai cika kamawa a ƙasashe irin namu kamar yadda yake kamawa a Turai ba. Iyayen da suka yi ta tambaya me ya sa ake dawowa da ɗigon shan-inna sau ba adadi, tambayarsu tana da amsa ta ilimi, kuma da an ba su ita da an rage zargi.

A 2010 wasu masana daga Italiya sun kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen gero suke ci da dawa da wake da ganye, abincin da duk Bahaushe zai gane. An tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in halittu, cike da masu narka harza, waɗanda ke fitar da sinadaran da bangon hanji ke rayuwa da su. A 2015 kuma aka yi musayar abinci ta mako biyu tsakanin baƙar fatar Amurka 20 da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu. Cikin kwanakin nan kaɗan alamun haɗarin sankarar hanji suka sauka a jikin Amurkawan, suka hau a jikin 'yan Afirkan. Mu a nan muna yin wannan musaya da kanmu, kuma ba ta mako biyu ba. Tuwon dawa ya zama abincin "ƙauyawa", masara sai an surfe ta tas an ba akuya dusar, karin kumallon yara ya koma taliyar leda da farin burodi da lemon kwalba, dunƙule ya ture daddawa daga tukunya. Ba laifin matan gida ba ne. Taliyar leda minti biyar take dahuwa, wake kuwa sai ya cinye gawayi, gawayi kuma kuɗi ne.

Sai dai a nan nake rabuwa da masu kirarin zamanin da. Ƙauyen da hanjin yaransa ke da arzikin halittu shi ne dai ƙauyen da yara ke mutuwa da gudawa da ƙyanda. Kakar da ake cewa ta kai shekara casa'in tana shan ruwan rafi, a tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma ruwan da wasu ke ƙarawa a ƙwarya don ya yi auki ba a san rijiyar da ya fito ba. Masu kindirmo na gaskiya tafasa madarar suke fara yi, ta huce, su zuba ɗan ragowar na jiya, su rufe ya kwana. Sun kashe na kashewa sun shuka na shukawa, kuma ilimin zamani bai zo da abin da ya fi wannan tsari ba.

Masu talla su ne suka fi kowa saurin kama zancen. A Facebook da WhatsApp yanzu akwai kwalaben "bakteriya mai amfani" na dubban nairori, da shayin "wankin hanji", da masu cewa duk wata damuwa da ƙiba da rashin haihuwa daga hanji suke. Gaskiya ne hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiya da sinadarai, amma kaso mai yawa na abin da ake yaɗawa a kan wannan daga gwajin ɓera ya fito. A 2018 wani bincike a cibiyar Weizmann ya nuna mutanen da suka sha irin kwalaben nan bayan maganin bakteriya sun fi jinkirin dawo da halittunsu na asali a kan waɗanda ba su sha komai ba. A ɗaya gefen, a jami'ar Stanford a 2021, mutanen da aka sa su ci abinci mai tsami na ruɓawa tsawon mako goma sun sami ƙarin nau'o'in halittu da raguwar alamun kumburi a jini. Mutum 36 ne kawai a gwajin duka, don haka kada a kafa masa tuta. Amma idan za a zaɓa tsakanin kwalbar da ta sha zafin kwantena daga wata ƙasa da kindirmo mai tsafta ko kokon kamu, ni na san inda zan sa kuɗina.

Masanan ma sun yi tuntuɓe. An yi shekaru ana cewa mabiyiya tana da nata halittun, sai a 2019 masu bincike a Kambirij suka duba mabiyiya sama da 500 suka nuna yawancin abin da ake gani ƙazantar kayan gwaji ce. Wata shahararriyar maƙala ta 2020 da ta ce ana iya gane sankara daga sawun bakteriya a jini, an janye ta a 2024. Fage ne sabo, kuɗi kuma sun shige shi da wuri.

Abin da ya sa masu falsafa da tarihi da nazarin zamantakewa suka shigo maganar shi ne ta taɓa tambayar ina mutum ya tsaya, ina waninsa ya fara. Tunanin Turai na ƙarnonin baya ya ginu kan mutum tilo mai iyaka da fatarsa, garkuwar jikinsa kuma soja ce mai gadin iyaka. Masaniyar halittu Lynn Margulis ta fara rusa wannan tun 1967, da ta kawo hujjar cewa injinan da ke samar da kuzari a cikin kowace ƙwayar jikinmu asalinsu bakteriya ce da ta shiga ta zauna. An yi mata dariya, daga baya ya shiga littafin 'yan makaranta. Yanzu an san garkuwar jiki ma a hannun waɗannan halittu take koyon aikinta. Wani nazari na 2023 daga jami'ar Trento a Italiya, mai samfuri sama da 9,700, ya gano mutanen da ke zaune gida ɗaya suna tarayya a kimanin kashi 12 cikin ɗari na irin bakteriyar hanjinsu da kashi 32 na ta bakinsu, ko da babu dangantakar jini. A garin da ake sa hannu a kwano ɗaya, kofi ɗaya ke yawo a bakin randa, goggo ta tauna abinci ta ba jariri, gidan haya ɗaya ya tara iyali takwas da masai guda, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai shan magani barkatai ba kansa kaɗai yake yi wa ba. Wanda zai fahimci yadda halittun nan ke yawo a Kaduna sai ya san wa ke cin abinci da wa, wa ke reno, yaya ake wankan jego, yaushe ake yaye. Wannan ilimin 'yan sashen zamantakewa ne da ungozoma, ba na mai madubin likita ba.

Masu tarihi sun sami sabon shaida. Bakteriyar Helicobacter pylori, wadda likita Barry Marshall ya kwankwaɗa da gangan a 1984 don ya tabbatar tana haddasa ciwon ciki, har shi da Robin Warren suka ci kyautar Nobel a 2005 kan gyambon ciki, ta zama taswirar ƙaura. Bambancin irinta a tsakanin al'ummu ya nuna ta fita daga Gabashin Afirka a cikin tumbin mutane kimanin shekara 60,000 da suka wuce.

Malaman fiƙihu ma aikinsu na tafe. Akwai wata muguwar gudawa da ke kama mutum bayan magani ya share masa hanji. A 2013 likitoci a Amsterdam sun gwada zuba wa masu ita tataccen bayan gidan mai lafiya ta bututu: 13 cikin 16 sun warke a zubin farko, a masu shan maganin da aka saba kuwa 4 cikin 13. Har dakatar da gwajin aka yi don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran. A 2022 da 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu da aka sarrafa daga wannan. Wata rana tambayar za ta iso zauren malam a Tudun Wada, ko ofishin fasto a Sabon Tasha: ya halatta? Najasa ce har yanzu ko ta sauya? Lalura ta kai? Gara malaman su san abin tun kafin majiyyaci na kwance.

Saura tambayar da ta fi damuna: hanjin wa aka karanta? Wani nazari na 2022 ya duba rumbunan bayanan duniya ya tarar sama da kashi 71 cikin ɗari na samfuran da aka san asalinsu daga Turai da Amurka da Kanada suke, kusan kashi 47 daga Amurka kaɗai, ƙasar da ba ta kai kashi 5 na mutanen duniya ba. Ke nan abin da ake kira "lafiyayyen hanji" hanjin mai cin abincin can ne, kuma a kansa za a gina magunguna da gwaje-gwajen da za a kawo mana. Akwai masu ƙoƙari. Funmilola Ayeni, lokacin tana jami'ar Ibadan, ta jagoranci nazarin 2018 da ya kwatanta Bassawan karkara da mazauna birane, ita da ɗalibanta kuma suka biyo da na Fulani makiyaya da Jarawan Jos a 2019. A 2025 mujallar Nature ta buga babban nazari kan mata 1,801 daga Burkina Faso da Gana da Kenya da Afirka ta Kudu, aka ci karo da tarin halittun da ba a taɓa rubutawa ba. Babu Najeriya a ciki.

Rashin a karance mu matsala ce, amma a karance mu ba da sanin mu ba ta fi muni. Mafarautan Hadza na Tanzaniya sun zama ma'adinin masu bincike, har wani Ba'amurke ya ɗura wa kansa bayan gidan ɗayansu a 2014 don ya mallaki "hanjin asali". Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce ƙasar da aka ɗebi tsiro ko wata halitta daga cikinta tana da rabo a ribar da za a samu, amma ta cire ƙwayoyin gadon ɗan Adam, kuma har yanzu ba a daidaita kan halittun da ke cikin ɗan Adam ba. Mu kuma muna da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta yi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk wanda zai shiga Rigasa da 'yar roba yana neman kashin jariri zai tarar da wannan tarihi ya riga shi isa. Takardar amincewa ta Turanci da za a dangwala wa yatsa ba za ta wadatar ba. Sai an faɗa wa uwa da Hausa ina za a kai, wa zai ajiye, shekara nawa, kuma idan an sami abin sayarwa a ciki me zai dawo unguwar.

Kayan aikin ba su yi mana nisa ba. Tsakanin Kaduna da Zariya akwai jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da cibiyar binciken noma ta Samaru, da jami'ar jihar da asibitin Barau Dikko. Likitan yara da masanin tumbin saniya da masanin ƙasar noma duk tambaya ɗaya suke yi yanzu, amma kowa na ofishinsa. Wurin farawa mafi sauƙi ma ba hanji ba ne, tukunyar daddawa ce. Matan da ke dafa kalwa su sheƙe ɓawon su rufe ta kwana biyu ko uku suna kiwon bakteriyar Bacillus ne, kuma kowace da hannunta, shi ya sa mai saye ke bambance daddawar wani gari da ta wani. Idan suka bar sana'ar, irin da suke riƙe da shi zai bi su. Ɗalibi zai iya zama da su, ya rubuta yadda suke yi da sunan garinsu, ya ware halittun ya adana. Adanawar ce ke buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wadda ba a ɗauke mata wuta dare da rana, shekara da shekaru, da ma'aikacin da ake biya don ya kula da ita. Idan babu wannan, ɗalibin zai tattara, ya liƙe kwali, ya aika Turai, sunansa ya fito can tsakiyar jerin marubuta.